Ɗumin Cikin Rumbu

Litinin, bayan La'asar

Yau ma geronmu a ɗakina ya wuni. Dammuna ne jibge har bakin gado, sai na yi ta ɗage ƙafa kafin in kai ga sallayata. Rumbu kuwa yana nan tsakar gida da sabuwar jinka, amma ya tashi daga na hatsi, ya zama gidan rediyo. Ni Rekiya, da aka ce in na auri mai gyaran rediyo zan huta, ga hutun nan ina gani.

Tun da aka rufe makarantarmu ba ni da ɗaliban da zan yi wa faɗa. Tun da aka yanke sabis ɗin waya kuma ba ni da wadda zan kira in kai wa ƙorafi. Shi ya sa na ɗauko ragowar littafin darasi, shi dai ba ya fita unguwa.

Da aka kashe sabis, maigidana Malam Sabitu ya haɗa injin watsa magana da tarkacen shagonsa na Dutsin-Ma, ya kawo shi nan Kurfi cikin buhu. Ba shi da izini, ba kuma zai samu ba. In ya kafa eriya a sama hukuma za ta gani, mutanen can na daji ma za su gani, su ne kuma abin tsoron. Sai ya huda rumbun ƙasa ya yi masa ƙofa, ya tsayar da eriyar a ciki, daga ƙasa har cikin jinka. Da safe da bayan Magariba yana shiga ya ja ƙofa, ya kifa turmi ya zauna dab da ita, ya faɗi saƙonnin da mutane ke bari wajen Lado mai shayi: hanyar da ba a bi yau, wanda ya isa gida lafiya, wanda har yanzu ake jira.

Innata tana Barkiya. Rabona da jin muryarta tun gero bai nuna ba. Wani ɗan garinsu ya ce rediyon ba ya kaiwa can, sai shuu kawai ake ji. Na faɗa wa Malam sau ɗaya. To, ya fi ɗaya.

Alhamis, da hantsi

Ya kawo busta daga Dutsin-Ma. Baƙin akwati ne mai fanka a baya, da ƙarin batir na babbar mota. Ya ce tun da eriyar tana ɓoye cikin bango, sai da ƙarfin tsiya maganar za ta fita ta yi nisa.

Da ya kunna, wani tsohon dogon ƙwan fitila da ke jingine cikin rumbun, wanda ba a haɗa da komai ba, ya kama haske da kansa. Dada, uwar Malam, tana tsaye bakin ƙofa da kwanon kunu. Saura kaɗan ta sake shi.

"A'uzubillahi. Mi nike gani haka?"

"Dada, ba aljannu ba ne. Ƙarfin eriya ne ke yawo cikin iska."

"In shina yawo cikin iska ba a ganinshi, to mi ya raba shi da su?"

Malam ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi.

Asabar, bayan Azahar

Lado ya aiko cewa an ji shi a Barkiya, tar, kamar yana cikin ɗaki. Na shige cikin dammunan gero na yi kukana na fito, ba wanda ya sani.

Talata, da safe

Dada ta yi sulhu da aljannun.

Shekaranjiya ta kai masa kunu yana tsakiyar magana, sai ya yi mata alama ta zauna kada ƙofa ta yi ƙara. Ta zauna kusa da eriyar. Da ta fito sai ga ta tana taka ƙafa tsakar gida kamar budurwa. Matar da ke shekara tana fama da sanyin gwiwa, wadda nake dafa wa ruwan gashi safe da yamma har tukunyata ta huje.

"Rekiya, wanga abu magani ne. Ba irin gashinki ba da ke tsayawa bisa fata. Shi daga cikin ƙashi ɗumin ke tasowa."

Gashina ne yau ya zama abin rainawa. Amma gaskiya na ji daɗin hutun da itacena zai samu.

Yanzu kullum da kujerarta take shiga. Malam ya ja mata kunne kan abu ɗaya kawai, kada ta taɓa ƙarfen. Shi ya taɓa da ɗan yatsa ranar Asabar, wurin ya yi fari ya lotsa kamar an soka allura mai zafi, har yau bai warke ba.

Juma'a, bayan Magariba

Kansa na ciwo. Ya ce rashin barci ne.

Lahadi, bayan Isha'i

Idonsa ja kamar garwashi, yana ta murza. Ya ce ji yake kamar an watsa masa yashi. Na ce hayaƙin dalma ne, ya ce ya kwana biyu bai narka dalma ba. Dada ta sa shi ya durƙusa gabanta, ta buɗe idon da yatsu ta leƙa, kamar mai duba kaza a kasuwa.

"Sanyi ne ya shiga. Kana fita da asuba kana alwala da ruwan randa. Ga magani cikin gidanka kana wahala? In ka kunna, ka kai fuskarka kusa, ka buɗe idon ya sha ɗumin."

Ya ce, "To, Dada." Malam bai taɓa ce wa uwarsa wani abu ba sai to. Ni in na ce ya sa hula sai mun yi mahawara.

Da yamma ya fito yana murmushi, ya ce wallahi ya ji sauƙi, ƙaiƙayin ya kwanta. Dada ta kalle ni ta ɗaga haɓa.

Laraba, bayan La'asar

An yi ta wucewa ta bayan gidanmu yau, mata da ƙunshin kaya a ka, daga wajen Wurma. Ba wanda ya tambaye su komai. Na miƙa ruwa ta katanga.

Saƙonni sun yi yawa, Malam yana daɗewa a ciki fiye da da. Bayan ya gama magana kuma sai ya bar injin a kunne, ya yi gashin idonsa, Dada ta yi na gwiwarta. Uwa da ɗa, cikin rumbu, suna hira ƙasa-ƙasa. Na leƙa na gan su, har na ji wani abu kamar kishi.

Asabar, da safe

Ya ce in riƙa sake rubuta masa saƙonnin da manyan baƙaƙe, wai rubutun Lado kamar tafiyar kiyashi. Rubutun Lado bai canza ba.

Litinin, bayan Isha'i

Na gan shi yana neman ƙaramin dunƙulen dalma a kan tabarma, yana lalube da tafin hannu. Yana gabansa. Na tura masa da ƙafa kamar ban lura ba.

Mutumin nan da idonsa muke ci. Shi ke karanta lambar da ke jikin abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya liƙe wayar da ta fi gashin kai siriri. In ido ya tafi, ba shago. Ban ma damu da shagon ba. Tsoro nake ji.

Alhamis, bayan Azahar

Mun je asibiti a Dutsin-Ma. Mota ɗaya ce ta tashi, muka matsu kamar buhuna, ba mai magana har muka ga rufin gari.

Likitan ya haska masa fitila a ido, ya daɗe yana dubawa, ya koma ɗaya idon, ya dawo.

"Malam, shekarunka nawa?"

"Talatin da bakwai."

"Akwai ciwon suga?"

"Babu."

"Walda kake yi? Ko gidan burodi, ko wani aiki na gaban wuta?"

"Gyaran rediyo nake yi, likita."

"Yanar ido ce ta fara, duka biyun. A shekarunka ban cika ganin haka ba. Ba wani abu da kake zama kusa da shi mai zafi?"

Maganar ta zo mini har bakin haƙori. Malam ya taka mini ɗan yatsan ƙafa a hankali. Akwai mai kaki zaune a benci bayan labule yana jiran layi, ana ganin takalminsa.

"Babu, likita," in ji Malam.

Aka ba mu maganin ɗigawa, aka ce mu dawo. Wai in ta nuna ana iya aiki a cire, amma sai Katsina. Da muka fito na ce masa mun zo wajen likita mun yi masa ƙarya, to wa muka cuta? Ya ce in rage murya.

Juma'a, da hantsi

Dada ta shinshina maganin ɗigawar ta ce ruwa ne, ruwa kuwa sanyi yake ƙarawa. Ta ce ya ninka gashin.

Talata, bayan La'asar

Bari in rubuta.

Badaruddeen ya zo, ɗan ƙanin Babana. Shi ke hawa ƙarfen sabis yana gyara, tun da aka kashe kuma yana zaune ba aiki. Ya kwana nan saboda hanya. Malam ya yarda da shi, sai ya shigar da shi rumbu da safe don ya yi masa burga. Ina tsakar gida ina tankaɗe. Ban ji an gama saƙon farko ba sai ga Badaruddeen ya fito da baya da baya, fuskarsa ta canza.

"Yaya, tun yaushe yake zama nan ciki abin na kunne?"

Na faɗa masa. Na faɗa masa har da gashin ido, ina ɗan dariya, don a zatona abin dariya ne.

Bai yi dariya ba. Ya ce su a wajen aiki ba a barin kowa ya je gaban eriya sai an kashe ta, ko an rage mata ƙarfi. Ya ce ɗumin da Dada ke yabo ba ɗumin wuta ba ne da fata za ta ji ta ce ka ja baya, nama yake dafawa daga ciki. An koya musu cewa ido ya fi komai saurin lahani, don ba ya iya fitar da zafin, kuma abin da ya dafu a cikinsa kamar farin ƙwai ne, ba ya komawa ɗanye.

Na ce, "Kana nufin shi ne?"

"Ni ba likita ba ne, Yaya. Ba zan rantse ba. Amma ko akuyata ba zan ɗaure cikin rumbun nan ba."

Da Malam ya fito suka zauna a zaure, ni ina bayan ƙofa. Badaruddeen ya ce a fitar da eriyar a ɗaga ta sama, nesa da mutane. Malam ya ce sai a haɗa da allo a rubuta sunansa da na matarsa. Badaruddeen ya ce to a ja wayar makirfo zuwa ɗaki. Suka gwada har Azahar da wayar da ke gidan, da an kunna sai injin ya kama ihu kamar ana yanka shi. Irin wayar da ke hana hakan babu ita nan kusa. Ga bustar kuma haɗin hannu ce, tana zafi tana kaucewa, sai da mutum zaune yana murɗa ta.

Saura abu ɗaya, in ji Badaruddeen, a cire bustar.

Laraba, da safe

Malam ya same ni ina shara.

"In na cire, Kurfi za ta ji, Wurma za ta ji. Barkiya ba za ta ji ba. Ke za ki faɗa."

Na ce don me ni? Idonsa ne, injinsa ne, uwarsa ce ta ba da maganin. Ya ce Innata ce a can. Na jefar da tsintsiyar na ce wannan mugunta ce, a ɗora wa mace ta zaɓa tsakanin idon mijinta da kunnen uwarta. Ya tsaya yana kallon wajen da yake zaton fuskata take, ya ɗan kauce kaɗan.

Na ce ya cire.

Laraba, bayan Magariba

Ya ce kada Dada ta sani. In ta gane da bakinta ta sa shi ya kai ido wurin, ba za ta ƙara barci ba har ta mutu. Na ce to me za a ce mata? Ya ce in san abin da zan ce.

Na sa kwaɗo a ƙofar rumbun, na ce mata daga yau ba mai shiga sai shi, gashi kuma an daina. Ta tambayi dalili. Na ce haka na ga dama.

Tun da na zo gidan nan ban taɓa yi mata magana irin wannan ba. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ja kujerarta ta koma ɗaki.

Asabar

Shiru. Na dafa mata ruwan gashi, ta bar shi ya huce a bakin ƙofa.

Litinin, da hantsi

Lado ya samu labarin an tare hanyar Barkiya tun da asuba. Malam ya faɗa, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Kurfi ta ji.

Litinin, bayan La'asar

Mutanen Barkiya sun fito kasuwa kamar kullum.

Talata

A cikin waɗanda abin ya rutsa da su a hanya, ba sunan Inna. Akwai mijin Adama, wadda muka yi firamare tare. Akwai wasu.

Laraba, da asuba

Na ɗauko bustar daga ƙarƙashin gado na kai bakin rumbu na ajiye. Tana da nauyi. Da ya fito alwala ya yi tuntuɓe da ita, ya sunkuya ya shafa, ya gane. Bai tambaye ni ba. Na riƙe masa tocila yana haɗa wayoyin, ina faɗa masa wacce ce ja wacce ce baƙa.

Asabar, bayan Isha'i

Ga yadda muke yi yanzu. Ina karanta masa saƙonnin a ɗaki har ya haddace, don ko manyan baƙaƙen sun daina yi. Ya shiga, ya juya wa eriyar baya, ya faɗa da sauri, ya kashe, ya fito. Yana naɗe kansa da rawani har ido. Badaruddeen ya riga ya ce tsumma ba ya tare komai, amma na bar shi yana naɗawa, ni ce ma ke ɗaure masa.

Ina tsayawa daga bakin ɗakin girki ina kallon jinkar. Ba hayaƙi, ba wari, ba ƙara sai fanka. Da abin yana da harshen wuta da na san inda zan watsa ruwa.

Na ce in shiga a madadinsa. Ya ce muryar mace za ta sa a fara tambayar matar wa ce, kuma asarar ido biyu ta isa gida ɗaya.

Talata, da safe

Ya zuba shayi a gefen kofi. Dada tana gani.

Alhamis

Na gaji. Na gaji da gero a ɗaki, na gaji da ɓeran da ke cikinsa, na gaji da gaisuwar da ba a amsawa.

Lahadi, bayan Azahar

Ya daina zuwa shago. Mutum ya biyo shi gida da rediyo, ya karɓa ya jujjuya, ya kanga a kunne, ya ce matsala kaza ce, kuma na san ya faɗi daidai. Sai ya mayar masa ya ce ya kai wa wani, shi aiki ya yi masa yawa.

Juma'a, da hantsi

Sabis ya dawo. Ba sanarwa, kawai wayoyi suka kama ƙara a gidajen maƙwabta kamar kwaɗi bayan ruwa. Yara na ta gudu a lungu.

Inna ta kira. Ita ke ta magana. Ta ce kullum a gidan mai unguwa suke taruwa su saurara, ta gane muryar tun ranar farko amma ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ce akwai 'yan kwanakin da ya ɗauke, sai Allah ya dawo da shi. Ta ce in ba ta shi ta sa masa albarka. Na miƙa masa wayar, ya karɓa a juye, na gyara masa.

Bayan nan ya kwance komai da lalube, ya mayar cikin buhu. Gobe za a kwashe geron a kai rumbu.

Litinin, bayan La'asar

An ba mu ranar zuwa Katsina. Likitan ya ce idon hagu ana sa rai. Na dama sai an buɗe an gani. Na tambaye shi ko zai koma ganin ƙananan abubuwa, ya ce in bari a yi aikin tukuna.

Da muka dawo Dada ta kira ni ɗakinta. Rabon da ta kira sunana tun ranar kwaɗon. Tana zaune bakin gado, gwiwoyin sun kumbura, ta yi kuka har idonta ya ƙanƙance.

"Rekiya, zauna. Ni ba faɗa zan yi ba. Yaron nan shina samun sauƙi, da idona na gani, da bakinshi ya faɗi. Kika sa kwaɗo. Tun daga rannan idon ya yi ta baya. Ina son in ji daga bakinki, don in san abin da zan yafe. Ke kika hana a ƙarasa mashi magani?"

Malam yana tsakar gida a kan tabarma, fuskarsa na kallon ƙofarmu. Ba ya ganina daga can, amma yana ji.

Na ce, "Ni ce, Dada."

Ta gyaɗa kai ta daɗe. Sannan ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, in tashi in ɗora mata ruwan gashi. Na tashi na ɗora.